Ranar da Na Yanke wa Ƙanwata Hukunci

Duk lokacin da na ji bakanike yana bugun ƙarfen taya, sai makarantarmu ta mishan a Zuru ta faɗo mini a rai. Irin wannan ƙarfen aka rataye a reshen ɗorawa, shi ne ƙararrawarmu. Da an buga mu jeru cikin raɓa, ƙafa ba takalmi, a yi addu'a, kowa ya kawo ayar da aka ba shi hadda.

Babban malaminmu tsohon soja ne, shi ya kafa mana majalisar yara: sarki, alƙali da dogarai biyu. Zaɓen ba wuya, ka je ka tsaya bayan wanda kake so, a ƙirga kawuna. Ina aji huɗu aka ba ni alƙali, don na fi kowa hadda. Ranar Juma'a muke zama a gindin ɗorawar. Yawanci shari'ar makara ce, ko faɗa, ko tonon gyaɗar makaranta, hukuncin kuma ɗiban ruwa ko noman kunya biyu.

Akwai doka guda da ba a wasa da ita: ba a shigowa da laya. Wata damina ana cire ciyawa, dogari ya hango igiya a ƙugun ƙanwata, tana aji ɗaya. Ɗan ƙahon akuya ne aka ɗinke cikin fata. Kakanmu ya ɗaura mata, domin yara biyu da aka haifa tsakanina da ita duk sun rasu wajen yaye. Na san da zamansa, ban taɓa faɗa ba.

Malam ya ce, "Alƙali, me doka ta ce?"

Na ce, "A cire, a ƙone."

Aka cire, aka ƙone. Ba ta yi kuka ba, ta dai dafe wurin da hannu har aka tashi.

Washegari kaka ya sauko daga tudu da sandarsa. Hausarsa ba ta da yawa, amma ta ishe shi tambayar wanda ya yi wannan aiki. Malam ya nuna ni. Tsohon nan ya durƙusa a gabana, yadda ake yi wa hakimi, ya ce da yarenmu, "Alƙali, na ji hukunci. In ta kwanta, wa zan nema?"

Na ce Allah zai tsare ta.

Ya ce, "To, ka gaya masa."

Kafin dawa ta fid da kai, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana tara. Kaka yana dafa saiwoyi a bakin ɗaki, ni ina bayan rumbu ina addu'ar da ba a cikin hadda na koye ta ba. Ta tashi. Malam ya ce ikon addu'a ne, mahaifiyarmu ta ce saiwa ce. Kaka kuwa, har ya rasu bai ƙara kiran sunana ba, Alƙali kawai. Ban san ko girmamawa ce ko tuni yake yi mini ba.

Yanzu malamai ke naɗa shugabannin ɗalibai, aikinsu bai wuce tsare ƙofa da rubuta masu surutu ba. Ƙanwata tana Ribah da jikokinta, ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu, ta ce ma ba ta tuna ranar. Ni kuwa koyarwa na yi har na yi ritaya, kuma ban taɓa tambayar yaro abin da doka ta ce a kan ɗan'uwansa ba.