Danna Ƙirji a Gaban Suruki

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, mu uku ma'aikatan jinya da direba, sai na biyar ɗinmu, mutum-mutumin roba mai kai da ƙirji babu ƙafa. A kansa muke koya wa mutane yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Kujerar gaba muka ba shi. Mai ƙosai a Bebeji har da gaishe shi, da bai amsa ba ta ce girman kai gare shi.

Ana son dannawa ɗari zuwa ɗari da ashirin a minti guda, to wa zai tsaya lissafi ɗan'uwansa na kwance? 'Yan acaɓan Bebeji suka dinga dannawa kamar ana bin su a guje, dattawan Kiru kuwa kai ka ce tausa suke wa jariri. Nan na kunna musu wata waƙar biki da ta cika gari, wadda kiɗanta ya yi daidai da saurin da ake so. Wallahi nan take hannaye suka daidaita. Wani dattijo yana rausaya kai yana rantsuwa shi fa ba ya sauraron waƙa.

A Tudun Wada muka kwana, muka ci shinkafa 'yar gida da mai da yaji. Gasasshiyar masara ta yi tsada, ga ta kuma cike da gonaki, abin haushi! Washegari muka ratsa dajin Falgore, kore shar, direba na ta rigima da ramuka.

Bayan Doguwa muka saki kwalta zuwa wata ruga. Can na haɗu da Dije. Mijinta na fama da ciwon zuciya, ya taɓa faɗuwa a gona, asibiti kuma da nisa, in rafi ya kawo ko babur ba ya wucewa. Ba ta da waya, dole waƙar ta zauna a bakinta.

Ta durƙusa gaban mutum-mutumin, ta ɗora hannu daidai, amma bakinta gum. Sai ta yi sauri, sai ta sare. Ina ta cewa, "Rera mana, Dije!" ita kuwa sai ƙara sunkuyar da kai take yi. Wata mata ta mintsine ni, ta ce, "Malama, surukinta ne zaune can a kan buzu." Kunya ta kama ni. Matar ɗa da ko murya ba ta ɗagawa gaban uban miji, ina ita ina waƙar biki?

Tsohon ya miƙe, ya ce zai duba maruƙa, ya zagaya bayan bukka. Dije dai ta ƙi rerawa, ta san bai yi nisa ba. Can sai muka ji wata dusasshiyar murya daga bayan bukkar tana rera waƙar, baitocin duk a birkice, ana buga sanda a jikin turmi daidai da kiɗan. Mata suka kwashe da dariya har da faɗuwa. Dije ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kama amshi ƙasa-ƙasa, hannayenta suna sauka daidai, ba ta sake kuskurewa ba. Ni dariya nake, hawaye na zuba.

Mun dawo Kano da la'asar sakaliya, ƙwaryar kindirmo a cinyata. Tafiyar nan ta koya mini in daina matsa wa mai kunya, mutanen gida sun fi ni sanin ta inda za su ɓullo mata. Amma sallamarmu da tsohon ce ta tsaya mini a rai. Na tsokane shi na ce, "Baffa, ashe ana taɓawa?"

Ya ce, "Ni? Da maruƙa nake magana."

Sai ya matso jikin mota, ya rage murya. "'Yata, ta iya dai ko? Wancan yaron, shi kaɗai gare ni."

Na ce, "Ta iya, Baffa."