Yaya, Ka Tafi Ka Bar Ni da Ƙwan Tarwaɗa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, yayana mai ƙyanƙyasar kifi ya yanke jiki ya faɗi a bakin tanki. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Yaya, na yi kukana, amma ina da magana da kai. Da asubar ranar ka yi wa matan tarwaɗa shida allurar da ke sa su saki ƙwai. In awa goma ta wuce ba a tatse su ba, ƙwan ya tashi a banza, kuma da shi matarka da 'ya'yanka huɗu za su ci abinci wata da watanni. Ban ce kai ka zaɓi ranar ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, shekara tara ina tsaye a gefenka tun da mijina ya rasu ka jawo ni cikin sana'ar, ko sau ɗaya ba ka bar ni na taɓa cikin kifi ba. Kullum maganarka ɗaya: "Ke dai riƙe roba."

Ba rowa ba ce, kowa shaida ne. Maƙwabcinmu tela da 'ya'yan kifinsa suka mutu sau uku, kai ka riƙa zuwa da allurarka kana yi masa kyauta. Gara ka yi wa mutum aikin a kan ka nuna masa yadda ake yi. In an tambaye ka yawan gishirin da ake sa wa ruwa, sai ka ce hannu ne ke sani. To ga shi hannun ya tafi da saninsa.

Da la'asar maza suka ɗauke ka, ni kuma na zame daga cikin mata na nufi ɗakin ƙyanƙyasa. Goggo ta bi ni da harara, ta ce, "Yanzu ke kifi ne a gabanki?" Na wuce abina. Matarka ce ta biyo ni, idonta a kumbure, ta ce, "Ba ni robar."

Sai an yanka namiji ake samun ruwan da ke haɗa ƙwai, don haka na yanka ƙaton nan naka, Shugaba, wanda ka shekara uku kana yi masa hira kana ɗaga masa ƙafa. Na matsa cikin matan yadda na ga kana yi, na juya ƙwan da ruwan namijin da gashin kaza, na shimfiɗa a raga, ina yi ina yi maka faɗa. Biyu daga cikin matan na makara da su. A sauran, kashi ɗaya cikin uku ne ya ƙyanƙyashe. Da kai ne da ka kwana ba ka yi wa kowa magana ba, amma dai za a ci abinci.

Yau 'ya'yan kifin kwanansu tara, sun fara cin abinci suna yawo kamar ƙananan allurai. Duk abin da na yi na rubuta shi da gawayi a bango, har da kuskuren, kuma zagaye na gaba matarka ce za ta tatsa, ni in riƙe roba.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya haskaka makwancinka, ya saka maka da duk tankin da ka ceto. Allah ya ba matarka, 'ya'yanka da Goggo haƙuri. Ni na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini Shugaba.