Furen da Na Dasa a Bokitin Fenti

A gidan hayarmu na unguwar Maamobi ba wanda ke shuka abu sai in ana ci ko ana sha. Akwai zogale a bayan banɗaki, akwai ɗoɗɗoya cikin tsohuwar taya. Ni ce na kawo fure.

A bakin titin Kawukudi na samo reshen, wajen wani mai sayar da shuke-shuke, ina goye da ɗana. Furen ja ne mai haske, ganyen dogo siriri. Mutumin ya ja mini kunne cewa farin ruwan da ke fita in an karya reshen dafi ne, kada ya shiga bakin yaro. Ni da ko ƙuda ya sauka kan yaron nan sai gabana ya faɗi, na kusa fasawa. Amma ƙofar ɗakinmu kwata take kallo, ina son in buɗe da safe in ga wani abu dabam. Na dasa a bokitin fenti, na ɗora kan katanga inda hannun yara ba ya kaiwa. Ruwan wankin shinkafa nake zuba masa.

Da ya yi fure, matan gida suka fara tambaya maganin mene ne. Na ce na kallo ne kawai, kuma dafi ne, kada a taɓa. Mma, tsohuwar da ke da gidan, ta yi dariya ta ce haka kowa ke cewa in yana rowar magani. Ɗana kuwa ɓul-ɓul yake, ba ya yawan ciwo, sai suka ɗauka sirrin ke nan. Na fara ganin gurbin ganye a rassan ƙasa. Na sake faɗa musu a bakin famfo, suka ce na cika tsoro.

Ran nan maƙwabciyata mai sayar da koko ta dafa ganyen ta ba 'yarta mai zazzaɓi. Yarinyar ta yi ta amai har idonta ya juye. Ni na riƙe ta cikin tasi zuwa asibiti, uwar ta kasa. Allah ya sa kaɗan ta sha, ta tashi.

Da muka dawo, tsakar gida ta cika. Ba wanda ya tambayi uwar don me ta tsinki abin da ba nata ba. Mma ta dube ni ta ce, "'Yata, ke da goyo, ki ajiye mana dafi a gida? In ba magani ba ne, me kika kawo shi yi?"

Na ce, "Mma, ai na faɗa muku."

"Kin faɗa. To wa zai yarda?"

Maigidana ya ɗauki bokitin ya juye a kwata.

Tun daga ranar, in ɗana ya rarrafa wajen tabarmar yara, sai kowace uwa ta kira nata, wai ya zo ya yi wanka. Yanzu ya fara tafiya. Yakan tsaya a bakin ƙofa da ƙwallonsa yana kallonsu, ni kuma ina ciki, ina ninke kayan da na riga na ninke.