Mai Rataya Bom na Kajiji

"Wanga gida nawa na, Ummaru! Ba a tara min babura bakin ƙofa."

"Baba, ɗana na fari fa! Suna na, ba yaƙi ba. Ko ragon ka ka jin zafi?"

Katangar laka ce tsakanina da su, don haka har tarin tsohon ina ji. Maƙwabcina ne a Kajiji, Baba Sodangi manomin albasa, shi da ɗansa Ummaru. Matar Ummaru, Safinatu, ta haihu bayan dogon jira, kuma danginta na Horo Birni sun aiko cewa gayya guda za su zo.

Gari ya ɗauka rowa ce. Ni ban yarda ba.

Sodangi yana saurayi ya shiga soja, lokacin yaƙin basasa. Ba a kai shi bakin daga ba. A filin jirgi aka ajiye shi, aikinsa turo bom a keken ƙarfe ya rataya ƙarƙashin fiffike. Jirgi ya tashi da nauyi, ya dawo wayam, shi kuma ya sake turowa. Abin da yake yawan faɗa a majalisa shi ne, "Ni ban taɓa harbin kowa ba." Yana faɗa ko ba a tambaye shi ba, abin da ya sa na fara zarginsa ke nan.

Wata rana a gonar albasa na matsa masa. Ya ce ya taɓa tambayar wani matuƙi, baƙo ne ba ɗan ƙasa ba, me yake dubawa daga can sama. Mutumin ya ce taro da hayaƙi. Sodangi ya ce, "Kasuwa ma ai taro ta, da hayaƙi." Matuƙin ya ɗaga kafaɗa. Daga nan tsohon ya koma ban ruwan albasarsa.

Yanzu kuma jirage sun dawo sararin Sakkwato, suna farautar 'yan bindigar daji, masu yawo a ayarin babura. Mu in mun ji rugugi sai mu ce an zo taimako. Shi ƙarƙashin fiffiken yake leƙe. A ganina ba mutuwa yake tsoro ba. Tsoronsa kada ya ga da idonsa inda kayan da ya rataya suke sauka.

Safiyar suna, an hura wutar tuwo, liman ya zauna, goro na hannun wanzami. Sai ga surukai, babura jere suna oda. Tsohon ya fito da sandarsa ya tare hanya, ya ce su watsa baburan cikin unguwa, su shigo da ƙafa, bibbiyu.

Mahaifin Safinatu ya sauko a hankali. "Sodangi, ɓarayin daji ka ɗauke mu?"

"Ba ni ba, Alhaji. Na sama."

Ba su tsaya ko addu'a ba. Suka juya, suka bar saƙo cewa 'yarsu ta biyo su da jaririn. Ummaru ya durƙusa a zaure yana kuka kamar yaro.

Na je na sami tsohon bakin ƙofa, na ce, "Baba, ko jirgi ɗaya bai gitta ba. Ka ɓata zumunci a banza."

Bai dube ni ba.

"Bari su yi hushi," ya ce. "Mai hushi ai da rainai shi ka tahiya."