Abin da Likita Ya Gaya wa Baba

A watan nan mahaifina ya cika shekara takwas da rasuwa, kuma har yau babu wanda ya san abin da likita ya gaya masa a ganinsu na ƙarshe.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Daga ƙauye ya zo, ya kama gida a Gyaɗi-Gyaɗi, a nan ya haife mu. Da hawan jini ya kama shi sai ya riƙa zuwa wani ƙaramin asibiti a Tarauni, shi kaɗai, don ba ya son rakiya. Mutum ne mai kunyar masu ilimi. Ko me likita ya ce, amsarsa ɗaya ce: “To, likita.” Wata rana ya dawo ya ce mana an ce in wannan maganin ya ƙare, shi ke nan. Ya ƙare, ya daina sha. Damina ba ta fita ba ya faɗi a wajen alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya karye.

Yayana Sabo ya je ya tsare likitan. Mutumin ya rantse cewa abin da ya faɗa shi ne, in ya ƙare a dawo a karɓi wani, maganin hawan jini ba a daina shi. Muka tambayi Baba, sai dai ya dube mu da ido. A haka ya cika. Yaya Sabo har gobe yana cewa likitan ne ya yi ta zuba Turanci yana kallon agogo. Ni kuwa wani lokacin ina zargin Baba ya ji, gajiya ya yi da haɗiyar ƙwaya. Mun sha yin faɗa a kan wannan, babu mai hujja.

Watan jiya na kai Inna, mahaifiyarmu, wani asibitin a Tarauni. Likitar yarinya ce mai fara'a. Kafin ta fara sai ta ajiye waya a kan tebur, ta ce, “Mama, in kin yarda zan naɗi maganarmu. Manyanmu ne ke saurara su auna yadda muke yi wa marasa lafiya bayani, in da gyara su gyara mana. Ba za a sa sunanki ba.”

Na ce a raina, ga abin da muka rasa. Da akwai wannan a zamanin Baba, da mun ji da kunnenmu, da ni da Yaya Sabo mun huta. Wataƙila ma da likitan ya san ana saurarensa, da ya sassauta ya ce, “Baba, maimaita min abin da na ce.” Haka kuwa likitar ta yi wa Inna, har sau biyu.

Inna ta yarda a naɗa. Ta yi maganar ciwon kai da ciwon gwiwa, aka rubuta magani, muka fito ina ta yabon ci gaba. Sai da adaidaita sahu ta sauke mu a bakin layinmu ta kama hannuna.

“Ba abin da ya kai ni ke nan ba,” in ji ta. “Wani ƙulli ne a nonona, tun kafin babbar salla.”

“Haba Inna! Me ya hana ki faɗa?”

“In faɗa wa waya? Wa ya san ɗan wa zai zauna ya saurara? Sun cire suna, sun cire murya ne? Duk Gyaɗi-Gyaɗi wa bai san muryata ba?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma fa sai in an rufe ƙofa. Washegari muka koma, na roƙi likitar ta kashe wayar. Ta kashe ba gardama. Inna ta faɗi komai, aka duba, aka tura mu gwaji. Yanzu sakamako muke jira.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne wancan naɗin na farko. Yana can, wani babba zai saurara ya ji likita mai haƙuri da tsohuwa mai godiya, ya ba da maki mai kyau. Ba zai ji ƙullin ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to waya ba ta ga yadda Inna ke murza bakin mayafinta ba. Ni da nake gefenta ma na gani, amma ban gane ba.

Na tambayi Inna, da Baba yana raye me zai ce game da wannan abu. Ta ce, “Ubanku? Zai gyara zama ya ƙara ladabi, don ya san manya na ji.” Na san gaskiya ta faɗa, kuma abin ya tsorata ni. Ke nan ko an naɗa, ba lallai ne mu sami amsar da muke nema ba.

Ba na cewa a daina. Likitoci na bukatar wanda zai ji su ya gyara musu, talaka ma na bukatar shaida. Sai dai a tambayi mutum, a kuma nuna masa cewa in ya ƙi, babu abin da zai ragu a kulawar da za a yi masa. Mutanenmu ba su iya ce wa likita a'a ba.

Me ya rage na Baba? Tsofaffin yaran motarsa da yanzu suka zama direbobi suna zuwa gaishe da Inna duk salla. Rumfar da ya kafa a ƙofar gida tana nan, maƙwabta na shan inuwa. Haƙurinsa ma mun gada, har da ɓangaren da ke cutarwa. Makon da ya wuce matar Yaya Sabo ta kira ni a ɓoye ta ce an auna shi, jininsa ya hau, kuma ya hana ta gaya wa kowa. Ranar Litinin zai koma asibiti. Na ce mata ta gaya masa ina zuwa, kuma ba a waje zan tsaya ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa can ta fi masa nan.