Ranar da na zaunar da 'yan aji uku a cikin rafi

Mako uku ke nan, amma ranar Larabar nan ta ƙi barin raina. Hedimasta ne ya ce in rubuta saboda sababbin malamai.

Ni malamar wucin gadi ce a wata firamare kusa da Gwangwan. Takardar sakandare kawai gare ni, kuma a birnin Kano na tashi. Ƙa'idarmu, kafin a fita da yara sai hedimasta ya sa hannu, a kira suna daga rajista, sannan babban malami ya yi rakiya. Wanda zai raka mu zazzaɓi ya kwantar da shi, na ce zan iya ni kaɗai.

"Malama Hadiza, kin san dajin nan kuwa?" in ji hedimasta.

"Ranka ya daɗe, ganye da tsuntsaye kawai za mu duba."

Farkon damina ne, amma mun kwana biyu ko yayyafi ba a yi mana ba. Muka tsinki ganyen kalgo da na marke, muka leƙa gidan tururuwa. Da rana ta yi zafi sai na gangara da su cikin rafi. A bushe yake, ga yashi mai laushi, ga inuwar gaɓa. Na zaunar da su, kowa yana zana ganyensa.

Can sai ga wata dattijuwar Bafulatana da ƙwaryar nono a ka. Ko sallama ba ta yi ba.

"Ke yarinya, kwashe 'ya'yan mutane ki hau tudu."

"Sannu Inna, karatu muke yi."

"Karatun ya jira. An kwana ana ruwa a can sama, inda rafin nan ya faro. Ba ki ji iskar nan ta yi sanyi ba?"

Gaskiya na ji haushi, na tsaya ina mata bayani. Ba ta saurare ni ba. Ta yar da ƙwaryar, ta karyo tsumagiya, ta bi yaran da Fulatanci da Hausa har suka haye. Ni ma da hannu ta finciko ni.

Ba mu gama hawa ba na ji ƙara kamar ta babbar mota. Jan ruwa ne, ɗauke da itatuwa, ya shafe wurin da muka zauna. Littattafai da takalma duk suka tafi. Dattijuwar ta riƙe ni, na fara ƙirga yaran ina nuna su da yatsa. Sau uku na ƙirga. Alhamdu lillahi, sun cika.

Na zaci korata za a yi. Hedimasta ya ce laifin namu ne mu biyu, washegari kuma ya raka ni rugar su dattijuwar nan godiya. Goggo Dije sunanta. Dariya ta yi mini, ta ce in ci fura in daina kuka.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, daga baya na gano yawancin yaran sun san ba a zama cikin rafi da damina. Na tambayi wata ɗalibata me ya hana su faɗa mini.

"Malama, ai ke kika ce mu zauna."

Ku da za ku fita da yara, ku sani duk inda kuka nuna nan za su zauna, ko da sun fi ku sanin wurin. Ku tambaye su tukuna, ku tambayi mutanen gari. Allah Ya saka wa Goggo Dije da alheri.