Tekun da Muka Roƙa a Kwarin Tarka

Karatuna bai wuce izu kaɗan ba sa'ad da mahara suka ɗauke ni daga gonar mahaifina a kwarin Maraɗi, suka sayar da ni ga wani mai raƙuma a wajen Dakoro. Amma rashin farin wata, tauraro ke haske. Bayin bakin rijiya suka naɗa ni malam, ni kuwa ban ƙi rawani ba.

Aikinmu jan ruwa. Sa yana jan igiya, mu muna juye guga a komi, raƙuma su shanye kafin mu miƙe. Abokin aikina wani dattijo ne mai ƙarancin magana, matarsa ita ke yi wa uwargijiyarmu daka. Wata bazara aka sanar da shi cewa in ruwa ya sauka, garke ya tashi arewa lasar gishiri, za a tafi da matar, a bar ta a hannun ɗiyar uwargijiya da ke aure can ƙasar Tagris.

Don in sanyaya mashi zuciya na ba shi labarin Bani Isra'ila: yadda suka yi wa Fir'auna tubali, suka kai kuka ga Allah, teku ya tsage masu, ya haɗiye Fir'auna. Ya tambaye ni mene ne teku. Ban taɓa gani ba, amma malami ba ya cewa bai sani ba. Na ce tabki ne da ya ƙoshi.

Ya dubi rairayi, ya ce, "To malam, su suna da ruwa kusa. Mu namu Fir'aunan a me zai nutse, a komi?"

Shi ya fitar da fatawar, ni na sa albarka. Ruwa kaɗan shi ke fito da ciyawa a tafi da matarsa, saboda haka mu roƙi mai yawa, wanda zai cika kwarin Tarka ya tare hanyar arewa. Kullum bayan la'asar in karanta ƴan surorina, in sun ƙare in sake daga farko da wata murya, don kada a ce Allah ya ji wannan jiya. Shi yana amin har muryarsa ta dushe.

Ruwa ya zo daidai wa daida, irin wanda makiyayi ke so. Tekunmu ya kai wa raƙumi idon sawu. Muna tsaye a tudu masu garke suka haye, matar dattijon a baya tana kora jakin da aka ɗora wa turmi. Ta waiwayo, aka daka mata tsawa, ta ci gaba.

Mu aka bar mu noman geron ubangida. A gona ya tambaye ni tsawon lokacin da Bani Isra'ila suka yi suna roƙo. Wannan na sani. Na ce waɗanda suka fara roƙon a kan tubali suka mutu, jikokin jikokinsu suka haye.

"Ashe mu ne na farkon," in ji shi. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki hauya.